Janareto a Gindin Tanka: Wa Ya Kamata Ya Juye Fetur?

Yau za mu ɗan ajiye zancen adabi a gefe, mu taɓa wata magana da ta ci rayukan mutanenmu da yawa, kuma har yanzu ba ta daina ci ba.

Ranar Asabar 18 ga Janairu, 2025, wata tanka ɗauke da lita 60,000 na fetur ta faɗi a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja, kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Faɗuwar ba ta zo da wuta ba. Rahotannin hukumomin agaji sun nuna cewa an kawo wata tankar domin a juye man a cikinta, aka tayar da janareto don yin aikin, jama'a kuma sun cika wurin da bokitai da jarkoki suna kwasar wanda ya malala. Daga nan wuta ta tashi. Sama da mutum 80 aka binne, wasu kuma suka cika daga baya a asibiti. Wata uku kafin nan, a daren 15 ga Oktoba, 2024, garin Majiya da ke Ƙaramar Hukumar Taura a Jigawa ya rasa sama da mutum 150 a irin wannan gobara. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ga tasu a watan Mayun 2019, lokacin da tanka ta kama da wuta kusa da filin jirgin saman Yamai, mutum sama da 50 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri.

Duk lokacin da haka ta faru, zancenmu kan kasu gida biyu. Wasu su ce kwaɗayi ne, wasu su ce talauci ne, a yi ta musu a ƙarƙashin hotuna har wani labarin ya zo ya ture wannan. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: wa ya ba da izinin tayar da janareto a gindin tankar da ke zubar da fetur? Ra'ayinmu a wannan makon shi ne, juye mai daga tanki zuwa tanki sana'a ce mai ilimi da ƙa'idoji, kamar aikin wutar lantarki ko tiyata. Muddin ana ɗaukarta a matsayin aikin ƙarfi da duk mai mesa da injin ban ruwa zai iya, to makabartunmu za su ci gaba da karɓar gawarwakin da ba a iya gane fuskokinsu.

Mu fara da abin da ke kamawa da wuta. Da yawa muna zaton ruwan fetur ɗin ne ke ci, alhali tururin da ke tashi daga samansa ne, wannan da muke jin warinsa amma ba ma ganinsa. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da a cikin sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Sakkwato ko Maiduguri. Kalanzir sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 38, dizal kuwa sai ya haura 50. Shi ya sa wanda ya saba wasa da dizal bai ga komai ba, ranar da ya yi wa fetur irin wannan wasan sai labari ya sha bamban.

Tururin nan ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Saboda haka ba ya tashi sama ya watse kamar hayaƙin girki. Kwanciya yake yi a ƙasa, ya bi gangare, ya shiga kwata da lambatu da ramuka, ya yi tafiya mai nisa har ya tarar da murhun mai shayi ko kaskon mai ƙosai. Da ya kama a can, wutar sai ta biyo sawunsa ta dawo inda ya fito. Kuma ba ya buƙatar yawa. Idan ya kai kamar kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na iskar wuri, zuwa kamar kashi bakwai da rabi, to wurin ya zama abin da ke jiran tartsatsi kawai. Lita ɗaya tak ta fetur, idan ta bi iska gaba ɗaya, za ta iya mayar da iskar da ta cika tankunan ruwa goma masu lita dubu-dubu ta zama mai fashewa. To ku lissafa lita 60,000 a kan kwalta, da rana tana dukanta.

Sai tartsatsin. Ƙaramin janareto da injin ban ruwan fadama duk suna aiki ne da filogi mai haifar da tartsatsi, ga salansa mai zafin gaske, ga wayoyin da aka ɗaure da leda. Babur ma haka, kan batirin mota ma haka, bokitin ƙarfe idan ya gogi kwalta ma haka. Ajiye ɗaya daga cikinsu a cikin tururin fetur daidai yake da ƙyasta ashana, bambancin kawai ba a san daƙiƙar da za ta kama ba. Famfon da aka yi domin fetur daban yake. An rufe injinsa da makunninsa ta yadda ko tartsatsi ya tashi a ciki ba zai fito waje ba, wani ma da iskar kwamfuresa yake aiki, ita kwamfuresar tana can nesa.

Akwai kuma tartsatsin da ba ya buƙatar inji ko ashana. Kowa ya san yadda a lokacin hunturu mutum zai cire rigar sanyi cikin duhu ya ji ƙas-ƙas, har ya ga ɗan haske, ko ya taɓa ƙofar mota ya ji ta ja shi. Wannan lantarki ne da gogayya ke tarawa, kuma busasshiyar iska ta fi ba shi damar taruwa. Mai ma idan yana gudu a cikin mesa ko bututu yana gogar bangonsa, yana tara irin wannan lantarki. Gwargwadon saurinsa, gwargwadon abin da zai tara. Ɗan tartsatsin da ya fi wanda muke ji a yatsa ƙanƙanta ya isa ya tayar da tururin fetur. Mu da muke da watannin hunturu kowace shekara, mu ya fi kamata mu san wannan karatu.

Saboda waɗannan dalilai ne masana aikin mai suka tsara matakan da ake bi kafin a buɗe bawul. Ga su a taƙaice, da harshen da kowa zai gane.

Na farko, a haɗa tankunan biyu da wayar ƙarfe, sannan a haɗa su da sandar ƙarfe da aka kafa a cikin ƙasa, domin lantarkin da ya taru ya sami hanyar tsiyayewa. Wayar nan ita ake fara ɗaurawa, ita ake kwancewa a ƙarshe, kuma a jikin ƙarfe tsurarsa ake maƙala ta, ba a kan fenti ko tsatsa ba. Na biyu, mesar ta zama wadda aka yi domin mai, mai waya a cikin jikinta, ba tiyon ban ruwa ba. Na uku, kada a saki mai daga sama ya riƙa faɗawa yana fantsama. Bakin bututu ya isa har gindin tanki, a fara a hankali, kamar gudun mita ɗaya a daƙiƙa, sai mai ya rufe bakin bututun sannan a ƙara. Na huɗu, a auna tankin da za a zuba wa kafin a fara, a san sauran wurin da ke ciki, a kuma bar sarari a sama domin mai yana kumbura idan ya ji zafi. Na biyar, mutum ɗaya ya tsaya a kan bawul daga farko har ƙarshe, ba zuwa cin abinci, ba amsa kira. Na shida, idan an gama kada a yi gaggawar zura sandar awo. A manyan tankuna akan jira kamar minti 30 domin lantarkin ya lafa. Na bakwai, a kula da abin da tanki ya ɗauka a baya. Zuba dizal a tankin da bai daɗe da sauke fetur ba yana daga cikin mafi haɗarin lodi, domin tururin fetur yana nan a ciki, shi kuma dizal gwanin tara lantarki ne. Bayan duk wannan, a kashe injina, a hana shan taba, a nesanta jama'a, a ajiye tukunyar kashe gobara ta gari ko ta kumfa a kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, domin fetur yana tasowa saman ruwa ne, ruwan ya ɗauke shi ya kai shi inda bai kai ba.

Kada wani ya ɗauka wannan matsala ta matalauta ce kaɗai. A Ingila, ranar 11 ga Disamba, 2005, ana tura fetur ta bututu zuwa wani babban tanki a daffon Buncefield da ke arewa da Landan. Ma'aunin da ke nuna cikar tankin ya maƙale, na'urar da aka sa ta tsayar da mai idan ya kai baki ita ma ba ta yi aiki ba. Mai ya yi ta ambaliya ta saman tankin, tururi ya lulluɓe wurin, da asuba ya fashe. Sama da mutum 40 suka ji rauni, wutar ta yi kwanaki tana ci. Ba a rasa rai ba, saboda safiyar Lahadi ce, ofisoshin da ke kewaye babu kowa. Duk da haka an yi bincike mai zurfi, an wallafa sakamakonsa ga kowa, an gurfanar da kamfanoni biyar, kuma a 2010 kotu ta ci su tara da kuɗin shari'a na kusan fam miliyan 10. Darasi biyu muke gani a nan. Na'ura komai tsadarta ba ta maye gurbin idon mutum mai lura. Sannan inda ake bin diddigin sakaci har a kai ga mai shi, a nan ne masu dukiya ke koyon taka-tsantsan.

Mu dawo gida. Ba sai tanka ta faɗi ake juye mai ba. Kullum ana yi a gabanmu. A gidan mai tanka na sauke kaya cikin tankin ƙasa, a gefe guda ana ci gaba da sayarwa, masu babura sun yi cincirindo da injina a kunne, mai gasa masara na bakin katanga. A masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da injinan casar shinkafa, da gidajen burodi da otal-otal, akwai tankunan mai da ake cikawa ana kwashewa. A unguwanni kuwa 'yan bumburutu na tsotso da baki daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa galan, wani lokaci a cikin shago mai ƙofa ɗaya, wani lokaci a zauren gidan da yara ke kwana. Jarkar roba ba ta barin lantarki ya tsiyaye, ɗakin da ba iska kuma yana tara tururi. Mafi yawan masu wannan aiki matasa ne sa'o'inmu. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu abin da muka lissafa a sama. Abin da suka gani ubangida na yi shi suke yi, shi ma haka ya gani.

Mun san abin da wasu za su ce a sharhi, bari mu amsa tun yanzu.

Za a ce talauci ne. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai naira 1,000 har ta haura a ƙarshen 2024. Magidancin da ya ga jarka ɗaya za ta ciyar da gidansa kwanaki, ba wa'azin minti biyu ne zai tsayar da shi ba. Ba mu raina wannan hujja ba. Amma talauci ya bayyana dalilin da ya kawo mutane wurin ne kawai, bai bayyana dalilin da ya sa aka bar su suka tsaya ba, balle dalilin tayar da inji a tsakiyarsu. Mai tanka ba matalauci ba ne. Wanda ya iya sayen lita 60,000 zai iya biyan ƙwararrun da za su kwashe ta. Kuma cikin waɗanda suka ƙone akwai 'yan kallo da masu wucewa da waɗanda suka ruga ceton 'yan uwansu, ba su ɗebi ko cokali ba.

Za a ce kayan aikin suna da tsada. Famfon fetur na gaskiya yana da tsada, ba musu. Amma wayar ƙarfe da sandar da za a kafa a ƙasa nawa suke? Igiyar da za a kewaye wuri nawa take? Dakatar da ciniki na awa ɗaya kafin tanka ta gama saukewa nawa zai ci? A ɗora su a sikeli ɗaya da kuɗin tanka da man cikinta da ginin gidan mai, ba ma a zancen rai ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa har kisa take yi.

Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mu ma mun yi imani da ƙaddara. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya bar ƙofar shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce abin da Allah Ya rubuta shi zai faru ba. Kowa kwaɗo biyu yake sa wa, wani har da mai gadi. In mun san mu tsare dukiya da sababi, rai ya fi cancanta. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

To me muke nema? Daga gwamnati, mun ga hukumar NMDPRA mai kula da sufuri da rarraba mai ta hana lodin tankoki masu ɗaukar lita 60,000 daga 1 ga Maris, 2025. Mataki ne mai kyau, amma tanka mai lita 33,000 ma idan aka juye ta da janareto ƙona gari za ta yi. Abin da ya rage shi ne doka bayyananniya cewa babu wanda zai taɓa man tankar da ta faɗi sai ƙwararru masu lasisi, tare da 'yan kwana-kwana da motar kumfa a tsaye. A ajiye irin waɗannan ƙwararru da kayansu a manyan hanyoyin da tankoki ke bi, kamar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, da Kano zuwa Maiduguri, da Zariya zuwa Sakkwato, masu dakon mai su riƙa biyan kuɗin tafiyar da su. 'Yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra su san aikinsu na farko shi ne korar jama'a da tare hanya. Ma'aikatan agaji a duniya suna ba da shawarar a janye mutane aƙalla mita 300 daga babbar malalar fetur ta ɓangaren da iska ke kaɗawa, idan kuma tankar ta kama, mita 800 ta kowane gefe. Sannan kowace gobara a bincika, a fito da rahoton a fili, wanda ya yi sakaci a kira sunansa a gaban alƙali. A can gaba kuma a gyara bututan da aka shimfiɗa domin kai mai daffo-daffon Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, domin duk litar da ta bi bututu ta rage wadda za ta bi ta tsakiyar kasuwanninmu.

Daga masu gidajen mai da ƙungiyoyin direbobin tanka, muna neman a horar da duk yaron da zai riƙe mesa kafin a ba shi ita, kuma a ba shi ikon cewa "ranka ya daɗe, ba zan buɗe ba sai an ɗaura waya" ba tare da ya rasa aikinsa ba. Kwalejojinmu na kimiyya da fasaha da ke Kaduna da Kano da Kazaure da Birnin Kebbi suna da malaman da za su iya tsara kwas na mako guda da Hausa, a ba da shaida a ƙarshensa. Daga masu unguwanni da dagatai da limaman garuruwan da ke bakin titi, muna roƙon a yi wannan magana tun kafin ranar ta zo. Ranar da tanka ta faɗi, muryar dattijo ɗaya da ake jin nauyinsa ta fi jiniya goma.

Mu kuma masu riƙe da alƙalami, namu aikin a bayyane yake. Gargaɗin da ke jikin tankoki da bangon gidajen mai kusan duk da Turanci yake, alhali masu aikin da masu sayen da Hausa suke tunani. Muna da marubutan gajerun labarai a nan, da masu wasan kwaikwayon rediyo, da masu shirya bidiyo, da masu baitoci. Idan har za mu iya sa dubban mutane su yi kuka saboda rabuwar masoya biyu da ba su taɓa wanzuwa ba, za mu iya sa yaro ɗan shekara goma ya san cewa warin fetur mai ƙarfi alama ce ta a gudu, a gudu kuma ta inda iska ke fitowa, zuwa tudu, ba tare da an tayar da babur ba. Mu rubuta shi da boko, mu rubuta shi da ajami, mu karanta shi a murya domin waɗanda ba sa karatu.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Majiya da Dikko garuruwa ne irin namu, masu titi a tsakiya da kasuwa a gefe, kuma tankar da ta bi ta can ita ke bi ta ƙofar gidajenmu. Kafin mako mai zuwa, muna roƙon kowane ɗan zaure ya isar da wannan bayani ga mutum ɗaya da ke taɓa mai a sana'arsa, ko ɗan bumburutun layinku, ko yaron gidan mai, ko ɗan'uwa direba. Waɗanda ke cikinmu da suke wannan aiki kuwa, filin sharhi naku ne. Ku faɗa mana yadda ake sauke mai a inda kuke, da abin da ke hana a bi ƙa'ida, domin wanda ke cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Allah Ya tsare mu da zuri'armu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun ji daga gare ku.